Mai Zuwa Andalus Ya Tafi Da Idonsa Biyu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi muku barka da aiki, ku da abokan aikinku, Allah Ya ƙara basira.

Na rubuto ne a kan wani abu da na lura yana ƙaruwa a 'yan shekarun nan, wato ziyarar da mutanenmu ke kai wa tsofaffin biranen Andalus, a kudancin ƙasar Sifaniya ta yau. Abin ya yi mini daɗi ƙwarai. A da, wanda Allah Ya hore wa fita waje, in dai ba ibada ko asibiti ko fatauci ne ya kai shi ba, to manyan kantuna ne ke cinye masa kwanaki. Yanzu kuwa sai ka ji an haɗa ayari guda za a je Ƙurɗuba da Garnaɗa da Ishbiliya. Abin da ke damuna shi ne labarin da ake dawowa da shi. Kusan duk bakinsu ɗaya: mun je, mun ga abin da Musulmi suka gina, an ƙwace, mun yi kuka, mun dawo. Na taka biranen nan da ƙafata, na san nauyin da ke sauka a ƙirjin mutum, don haka ba na raina hawayen kowa. Amma idon da ya cika da ƙwalla ba ya gani da kyau. Wanda ya biya kuɗin jirgi, ya sha wahalar neman biza, bai kamata ya dawo da abin da ya riga ya sani tun kafin ya tashi ba.

Bari in fara da babban masallacin Ƙurɗuba, tunda a nan aka fi zubar da hawayen. Wanda ya aza harsashinsa, Abdurrahman na Ɗaya, ɗan gudun hijira ne. Da Abbasiyawa suka kifar da daular Banu Umayya a shekarar 750, suka bi 'ya'yan gidan suna kashewa, shi ya sha da ƙyar daga Sham, ya ratsa Arewacin Afirka, ya ƙetare teku, a 756 ya kafa mulkinsa a Ƙurɗuba. Sai wajen 785 ya sa hannu a ginin masallaci, saura 'yan shekaru ya rasu. Maginansa ba su ɓata lokaci wajen sassaƙa sababbin ginshiƙai ba, sun kwaso na tsofaffin gine-ginen Rumawa da na waɗanda suka gaje su. To amma ginshiƙan gajeru ne. In aka ɗora musu rufi kai tsaye, zauren zai danne mutum, ya yi duhu. Sai suka ɗora baka a kan baka, na ƙasa mai siffar takalmin doki, na sama rabin da'ira, suka jera jan bulo da farin dutse bi da bi. Wannan ja da farin da kowa ke ɗauka a hoto, dabarar magina ce da suka fitar da kansu daga matsala da ita, ta zama ado daga baya.

Wanda ya shiga da natsuwa zai ga abubuwan da mai sauri ba zai taɓa gani ba. Ka sunkuya ka dubi gindin ginshiƙan ɓangaren farko: tsayinsu bai zo ɗaya ba, wani an yi masa matashi an ɗaga shi, wani kuma ya nutse cikin daɓe. Kawunansu ma kowanne da irin sassaƙarsa. Sai ka taka zuwa ɓangaren gabas, wanda Almansur, wazirin da ya riƙe ragamar mulki, ya ƙara wajen 987. A nan babu jan bulo, dutse ne zalla aka shafa wa jan fenti don ya yi kama da na da. Aiki ne na mai mulkin da ke son girma cikin gaggawa, kuma ginin bai rufa masa asiri ba. A jikin wasu ginshiƙan wannan ɓangaren akwai ƙananan alamomi da sunaye da masassaƙan dutse suka karta, kowa yana shaida aikinsa. Na daɗe a tsaye gaban waɗannan sunaye fiye da yadda na tsaya gaban sunan kowane sarki. Ginshiƙai fiye da 800 ne suka rage a zauren, kuma hannu ne ya ɗaga kowanne.

Mihrabin da Alhakam na Biyu ya gina bayan hawansa mulki a 961 shi ne ƙololuwar kyau a wurin. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, rufinsa kamar ƙwanson kifin teku, bakinsa kuma an lulluɓe shi da ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya, da ayoyin Alƙur'ani zagaye da shi. Daga ina gilashin ya fito, wa kuma ya koyar da aikin? Daga Kustantiniyya, wajen sarkin Rumawa Kirista, wanda halifa ya aika wa da roƙo, shi kuma ya turo gwani da kaya. Ban taɓa jin wani daga cikin masu ba da labarin kuka ya ambaci wannan ba, alhali shi ne abin da ya fi nuna irin mutanen da suka yi zamanin: ba su jin kunyar neman gwaninta a duk inda take.

A tsakiyar wannan daji na ginshiƙai ne babbar majami'a take, kuma ba zan ɓoye ba, ganinta yana sosa rai. Farnando na Uku, sarkin masarautar Kiristoci ta Kastila, ya ci garin a 1236, aka mayar da masallacin coci. Kusan shekara 300 ana ibadar Kirista a cikinsa ba tare da an taɓa ainihin siffarsa sosai ba. Sai a 1523 aka fara fasa tsakiyarsa don a gina wannan doguwar majami'a. Abin da ya kamata mai ziyara ya sani shi ne majalisar birnin, wadda duk Kiristoci ne, ta tashi tsaye ta ƙi amincewa da aikin, sai da sarkin Sifaniya Karlos na Biyar ya ba da izini sannan aka ci gaba. Ke nan tun wancan lokacin akwai 'yan garin da ke ganin ginin a matsayin abin alfaharinsu. Kuma a dubi abin da ya faru da sauran: babban masallacin Ishbiliya an rushe shi, na Toledo an rushe shi, na Garnaɗa ma haka, aka gina majami'u a filayensu. Na Ƙurɗuba ne ya tsira, domin an ci gaba da amfani da shi, ana gyara rufinsa, ana kare shi daga ruwan sama ƙarni bayan ƙarni. Mutum yana iya jin zafin abin da aka yi wa ginin, ya kuma yarda cewa da ba a riƙe shi ba da yau babu abin da zai je ya gani. Zuciya tana iya ɗaukar duka biyun.

A nan ne nake son in ja kunnen 'yan'uwa a kan salla. Wurin coci ne da ake ibada a cikinsa har gobe, kuma hukumarsa ba ta yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba. Masu gadi suna lura, da sun ga mutum ya ɗaga hannu zai kabbara za su zo su tsayar da shi. A 2010 an taɓa yin hatsaniya a kan haka har 'yan sanda suka shiga. Musulmin Sifaniya sun daɗe suna neman a sassauta, wannan kuma magana ce tasu da hukumomin ƙasarsu. Baƙon da ya zo na yini ɗaya ya tayar da ƙura don a ɗauke shi a bidiyo, shi zai hau jirgi ya tafi, su ya bar su da ƙurar. Akwai ƙananan masallatai a cikin garin, a tambaya za a nuna. A yi salla a can, a shigo nan da ladabin baƙo.

Wurin da na fi so kowane ayari ya je, kuma shi ne aka fi tsallakewa, yana wajen gari, kimanin kilomita 8 yamma da Ƙurɗuba. Madinatuz Zahra ke nan. Abdurrahman na Uku, wanda ya ayyana kansa halifa a 929, shi ya fara gina ta wajen 936, birni sukutum a gindin dutse, hawa-hawa: fada a sama, lambuna a tsakiya, gidajen jama'a da masallaci a ƙasa. A nan yake karɓar jakadun sarakunan Turai da na Rumawa. Birnin bai cika shekara 80 a raye ba. Wajen 1010 yaƙin basasa ya ɓarke a kan gadon sarauta, rundunonin Musulmi suka afka wa juna, aka washe birnin aka cinna masa wuta. Daga baya mutane suka yi ta kwasar duwatsunsa da marmararsa suna gine-ginensu, har ƙasa ta binne sauran, sai a 1911 aka fara tono shi. A 1031 halifancin ya ruguje gaba ɗaya, ƙasar ta tsattsage zuwa ƙananan masarautu, kowane sarki yana neman taimakon maƙwabcinsa Kirista don ya karya ɗan'uwansa, yana kuma biyan haraji a kan haka. Shekara 54 bayan nan birnin Toledo ya faɗa hannun Kiristoci. Na ga ma'aikata a gidan adana kayan tarihin wurin sun baje gutsattsarin sassaƙaƙƙen dutse, wasu ba su wuce tafin hannu ba, ana ta neman wanne ne ya dace da wanne. Sama da ƙarni guda ana wannan aikin, kuma mafi yawan birnin har yanzu yana ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya ga masallaci bai ga Zahra ba, zai koma yana zaton daga waje kaɗai ɓarna ta zo. Labarin da ya fi ɗaci, kuma ya fi amfani, a nan yake kwance.

In an dawo cikin gari, a ajiye mota a bi lunguna da ƙafa. Ƙasar nan da ake takawa ita ce Yahaya bin Yahaya Allaisi ya taka, wanda ya je Madina ya ɗauko Muwaɗɗa daga Imam Malik, ruwayarsa kuma ita ce ta fi yaɗuwa a duniya. A Ƙurɗuba ya rasu a 848. Alƙurɗubi mai tafsiri ɗan garin ne, ya bar shi ya ƙare rayuwarsa a Masar a 1273. Kusa da tsohuwar ganuwa akwai mutum-mutumin Ibn Rushdi, alƙali, likita, masanin falsafa, wanda aka haifa a nan a 1126. Ɗan taku kaɗan, a unguwar Yahudawa, ga na Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa, shi ma haifaffen garin. Masu rakiyar baƙi suna son nuna su biyun a matsayin shaidar zaman lafiyar addinai, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a ƙarasa labarin. Iyalin Bin Maimun barin garin suka yi bayan Muwahhidun, wata daular Musulmi daga Maroko, sun karɓi mulki sun tsananta wa waɗanda ba Musulmi ba, ya je ya zama likita a fadar Masar. Ibn Rushdi kuwa a ƙarshen rayuwarsa sarkinsa ya kore shi daga gari, aka ƙona wasu littattafansa, ya rasu a Marrakesh a 1198. Andalus mutane ne suka zauna a cikinta, da adalcinsu da zaluncinsu, kuma na fi ganin girmanta idan aka faɗi haka.

Ishbiliya, wadda a taswira da tikitin jirgin ƙasa za a ga an rubuta Sevilla, ba zan daɗe a kanta ba. A hau Hiralda, hasumiyar tsohon babban masallacin garin, wadda Muwahhidun suka kammala a 1198, 'yar'uwar hasumiyar Kutubiyya ta Marrakesh. Ba matakala ake takawa ba, hanya ce mai faɗi da ke hawa sannu a hankali tana zagayawa, dattijo ma zai iya in ya bi a hankali. Ƙararrawar da ke samanta a ƙarni na 16 aka ƙara. Sannan a shiga fadar Alkasar a dubi ɓangaren da sarki Fedro ya gina a 1364. Kirista ne, garin ya fi shekara 100 a hannun Kiristoci, amma magina Musulmi ya ɗauko, har daga Garnaɗa wajen amininsa sarki Muhammadu na Biyar, kuma a goshin ƙofar fadarsa an rubuta da Larabci cewa babu mai rinjaye sai Allah.

A Garnaɗa kowa fadar Alhamra yake nufa, kuma ta cancanci haka. Shawarata ita ce kafin a ɗaga kai a kalli ado, a sunkuyar da shi a bi ruwa. Fadar tana kan tudu, kogin Darro yana can ƙasa a kwari. Yaya aka yi ruwa ya hau? Muhammadu bin Al'ahmar, wanda ya kafa daular Banu Nasar ya shiga garin a 1238, abin da ya fara yi ke nan. Aka je can sama, kimanin kilomita 6, inda kogin ya fi tudun tsayi, aka datse shi, aka haƙa magudana a jikin dutse tana gangarowa kaɗan-kaɗan, ta ratsa lambunan Heneralife, gidan shaƙatawar sarakunan, ta haye wata gada, ta shiga cikin ganuwa. Babu inji, babu famfo, lissafin gangare ne kawai. Daga wannan magudana ɗaya aka rarraba ruwa zuwa wuraren wanka, da tafkunan tsakar gida, da gonaki, da bakin zakunan dutse 12 da ke ɗauke da kwano a farfajiyar da Muhammadu na Biyar ya gina. A Heneralife akwai wata matakala da ke hawa ƙarƙashin inuwar itatuwa. Bangon da ake dafawa a hagu da dama an yi masa kwari a sama, ruwa yana gudu a ciki. Kana hawa hannunka yana cikin ruwan sanyi, kunnenka yana jin ƙararsa, zafin rana yana raguwa. Na ga yara sun gane abin nan take, suna ta wasa da shi, manya kuwa sun wuce suna duba waya. Mutanen da suka yi wannan sun san ƙasarsu mai zafi ce, sun san darajar kowane ɗigo, kuma wannan ilimi ne da mai ziyara zai iya ɗauka ya tafi da shi.

Sai bango. A nan duk wanda ya iya karatun Alƙur'ani ya fi yawancin masu ziyara riba, domin su ado suke gani, shi kuwa karantawa zai yi. Kalmar nan ta "wa la galiba illallah", wato babu mai rinjaye sai Allah, tana ko'ina, a sama da ƙasa, ta maimaitu ba adadi. Akwai baitocin Ibn Zamrak, mawaƙin fada kuma waziri, an zana su zagaye da ɗakuna da bakin kwanon zakuna. A babban zauren karɓar baƙi na sarki Yusufu na Ɗaya, a ɗaga kai: rufin katako ne da aka harhaɗa daga guntaye kusan 8,000, an tsara shi hawa bakwai, a ƙarƙashinsa kuma Suratul Mulk ce ke zagaye ɗakin, surar da ta ambaci sammai bakwai hawa-hawa. Sarki yana zaune a ƙasa, kalmar da ke bisa kansa tana cewa mulki a hannun Allah yake. Wani abin lura kuma, kusan duk wannan kyau da filasta da katako da tayil aka yi shi. Garnaɗa ƙaramar daula ce da ta daɗe tana biyan haraji ga Kastila don ta tsira. Ba ta da dukiyar Ƙurɗuba, sai ta zuba haƙuri da gwaninta a kan kaya masu araha. Shi ya sa ma'aikatan wurin ke hana taɓa bango, suke sa a juyo da jakar baya zuwa ƙirji. A bi umarninsu ba tare da gardama ba. Filasta ce mai shekara fiye da 600, yatsun dubban mutane a kullum za su cinye ta.

Faɗuwar garin ma ina roƙon a riƙa ba da labarinta cikakke. Sarki na ƙarshe, Abu Abdullahi, ya yi wa mahaifinsa Abul Hasan tawaye a 1482, daga baya ya yaƙi baffansa, duk a lokacin da rundunar sarakunan Kirista, Farnando da matarsa Isabela, ke cin garuruwansu ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen 1491 aka sa hannu a yarjejeniya, ranar 2 ga Janairu 1492 ya miƙa makullai. Yarjejeniyar ta yi alkawarin barin Musulmi da addininsu da masallatansu da alƙalansu. Ba ta yi shekara 10 ba aka karya ta. Yahudawa tun a watan Maris na 1492 aka ba su zaɓin su bar addininsu ko su bar ƙasa. A 1499 babban limamin coci Sisneros ya fara tilasta wa Musulmi shiga Kiristanci, aka tara littattafan Larabci a dandalin Bib Rambla aka ƙona. A 1502 aka haramta Musulunci a duk Kastila. Jikokinsu, waɗanda suka karɓi baftisma amma ba a taɓa yarda da su ba, an hana su harshensu da suturarsu, a ƙarshe tsakanin 1609 da 1614 aka kore su, mutum kusan 300,000, galibi zuwa Arewacin Afirka. Wannan zalunci ne, kuma masana tarihin Sifaniya da kansu sun rubuta shi ba ɓoye-ɓoye. Dandalin Bib Rambla yana nan, cike da masu shan shayi da masu sayar da furanni. Mai son kuka da dalili, a nan ya kamata ya tsaya, ya san abin da ya faru a daɓen da yake kai. Ya kuma shiga ɗakin da aka binne Farnando da Isabela, kusa da makarantar da Yusufu na Ɗaya ya gina a 1349, ya ga yadda ɗaya ɓangaren yake ba da nasa labarin.

Daura da Alhamra, a ɗaya tudun, unguwar Albaizin take, da fararen gidajenta da lungunan da wani wurin mutum biyu ba sa iya jerawa. A kusurwoyinta akwai tsofaffin rijiyoyin tara ruwa na bulo tun zamanin Musulmi, wasu a jikin coci, alamar a da masallaci ne a wurin. A samanta, kusa da dandalin San Nikolas inda ake taruwa kallon Alhamra da yamma, akwai masallacin da aka buɗe a 2003, yana da lambu, kuma daga cikinsa ana hangen fadar da duwatsun Siyera Nebada a bayanta ba tare da turereniya ba. Amma a tuna unguwa ce ta mutane. Akwai tsohuwar da ke jan keken cefanenta tana hawa tudu, akwai mai aikin dare da ke barci da rana. Na ga ƙyallaye rataye a tagogi, mazauna suna kukan cewa gidajen haya na masu yawon buɗe ido sun sa haya ta yi tsada, maƙwabta suna ta tashi. Na kuma ga ayarin baƙi ya toshe lungu, jagora yana ɗaga murya, wata mata da jakunkuna a hannu tana jira a ba ta hanya ta shiga gidanta. Mu da ke zuwa muna cewa muna jin ciwon waɗanda aka raba da gidajensu shekara 400 da suka wuce, ya kamata mu fi kowa kula da wanda ke zaune a gidan yau. A rage murya, a tsaya gefe ɗaya, kada a leƙa tsakar gidan mutane da kyamara don an ga ƙofa a buɗe, in kuma dare ya yi a ɗaga akwati maimakon jan tayarsa a kan duwatsu.

Babban abin da ke hana mutane ganin duk waɗannan shi ne tsarin tafiyar. Masu shirya ayari suna son jera sunayen garuruwa da yawa a takardar talla, sai a kwana a mota, a ba mutum abin da bai kai awa guda ba a masallacin Ƙurɗuba, a ce a fito mota na jira. Kamar wanda ya je gidan biki ne ya tsaya a zaure ya juya. Gara a rage garuruwa a ƙara kwana. Ƙurɗuba tana son kwana biyu, Garnaɗa uku. Jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum daga Madrid zuwa Ƙurɗuba cikin ƙasa da awa biyu, daga can zuwa Ishbiliya bai kai awa ɗaya ba, Garnaɗa ma an haɗa ta da layin tun 2019, don haka iyali ko abokai suna iya shirya tafiyarsu da kansu. Tikitin Alhamra a saye shi ta intanet makonni kafin a tashi, domin yakan ƙare. Da sunan mutum ake yanka shi, sai an nuna fasfo, kuma shiga fadojin Banu Nasar yana da ƙayyadajjen lokaci a jikin tikitin, wanda ya makara ya rasa. Na ga dattijo da iyalinsa an mayar da su daga bakin ƙofa saboda wanda ya shirya musu tafiya bai gaya musu wannan ba, abin ya tsaya mini a rai. A guji Yuli da Agusta, lokacin da zafin Ƙurɗuba da Ishbiliya ke haura digiri 40. Afrilu da Mayu, ko Oktoba, sun fi. A watan Mayu ma mutanen Ƙurɗuba kan buɗe tsakar gidajensu da suka cika da furanni don baƙi su shiga, wannan karon da gayyatarsu. A sa takalmi mai taushi, a kuma sani cewa ƙananan shaguna da yawa suna rufewa da tsakar rana. A abinci a riƙa tambaya, domin naman alade yana shiga girkinsu sosai, amma kifi da kayan lambu suna da yawa, kuma a Garnaɗa akwai layin da 'yan Maroko ke da gidajen abinci.

Roƙona gare ku, Malam Edita, shi ne ku buɗe fili a jaridarku don labarin irin waɗannan tafiye-tafiye, ku kuma gindaya wa masu aikowa sharaɗi: su faɗi wanda ya gina abin da suka gani, da yaushe, da yadda aka yi ya kai yau, da kuma halin da mutanen garin ke ciki yanzu. Ku nemi malaman tarihi na jami'o'i su riƙa duba rubutun kafin a buga, domin ƙarya da ƙari sun yi yawa a labarin Andalus da ke yawo a waya. Masu shirya ayari kuma ku tambaye su a fili ko Madinatuz Zahra tana cikin jadawalinsu, da awa nawa suke ba mutane a Alhamra. In kun buɗe filin, a shirye nake in aiko muku da bayanin hanyar ruwan Alhamra dalla-dalla, tun daga madatsar har zuwa bakin zakuna.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku a kullum